Sifili Ɗaya

Ni ne magatakardan masu albasa a Aliero.
Ofishina yana bayan sito,
inda warin buhu ke kama riga ya ƙi saki.
Teburi guda, fanka mai tari,
sai kwamfutar da ƙungiya ta saya
shekarar da farashi ya yi mana murmushi.

A cikinta bashin kowa yake kwance:
wane taki, wane iri,
wane man injin ban-ruwa tun na bara.

Yaron da ya haɗa mana ita
ya cika mini kunne da ɓarayin nesa,
masu shigowa ta iska, ba sallama, ba sawu.
Ya ɗaura mini kalmar sirri
mai tsawon igiyar guga.
Kaina ya kasa ɗaukarta,
na rubuta a bayan rasit,
na tura ƙarƙashin farantin goro.

Wata Laraba aka kira la'asar.
Na zura takalmi, na ja ƙofa da ƙafa,
na bar fuskar na'ura a buɗe
kamar tukunyar da aka manta da murfinta.
Raka'a huɗu, sai gaisuwa a bakin masallaci.
Da na dawo, kujerata da ɗumi.
Na ji ɗumin nan har cikin ƙashi,
na ce da kaina: rana ce ta taga.

Tagar tana kallon gabas.

Sai da aka kwashe albasa aka zauna lissafi.
Na karanto: Mairiga, taki buhu huɗu.
Inna Kulu ma'aji ta ɗaga gilashi,
ta buɗe tsohon littafinta mai tabon manja,
wanda na sha yi wa dariya.
Ta ce, arba'in dai, Sahabi.
Arba'in na ƙirga da hannun nan.

Sifili ɗaya.
Abin da bai kai ƙwayar gero ba
ya fita da buhu talatin da shida a kai.
Ba a fasa kwaɗo ba,
ba a ɓalle taga ba,
ko rasit ɗin ba a nema ba.
Yatsa ɗaya ya sauka, ya tashi.

Mairiga ya rantse yana Jega ranar,
kuma na san yana Jega.
To wa?
Ɗan'ige mai kawo mini shayi?
Bawa direba, mai soka wayarsa a gefenta ta sha wuta?
Ƙanen matata, da ke zuwa buga takardar neman aiki?
Duk mun ci tuwo a kwano ɗaya.
Har yau ban sani ba,
rashin sanin shi ya fi buhunan nauyi.

Yanzu ko miyau zan fita in tofar
sai na rufe mata fuska.
Rasit ɗin na ƙone shi,
na haddace igiyar nan ƙulli-ƙulli.
Ramukan gefenta na toshe,
mai son caji ga soket a bango.
Maƙeri ya yi mata keji, ya kafe a teburi,
makulli yana wuyana tare da na rumbu.
Duk Alhamis muna zama da Inna Kulu,
ni da allon gilashi, ita da littafin manja,
sai baki ya zo ɗaya mu tashi.

Ana cewa Sahabi ya canza,
ya mai da ofis banki, ya mai da 'yan'uwa baƙi.
Ɗan'ige yakan ajiye shayi a dakali yanzu,
ba ya ɗaga labule.
Wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Amma in na dawo daga salla,
kafin in zauna,
nakan ɗora tafin hannu a kan kujera.